Ranar Da 'Yar Kaduna Ta Daina Tari

Duk wanda ya yi wayo a Bauranya cikin shekarun 1980 ya san ƙarar motar Baba tun kafin ya san launinta. Fijo ce 504, fara, mai kujeru ruwan ƙasa, wadda ya sayo hannu na biyu a wurin wani ma'aikacin gwamnati a Kaduna a shekarar 1982, lokacin Katsina ba ta zama jiha ba. Shanun huɗa biyu da kuɗin audugar shekara uku da ɗan abin da ya tara na albashin hedimasta, su suka tafi a kanta. Da yake a can Kaduna aka harhaɗa ta, a masana'antar Fijo ta Kakuri wadda ta fara aiki a 1975, kuma daga can aka sayo ta, sai mutanen gari suka raɗa mata suna 'Yar Kaduna, sunan kuwa ya bi ta har yau.

Ba zan ce motar gidanmu ce kaɗai ba, domin da wuya ka shiga gida a unguwarmu ba ka sami wanda ta yi wa rana ba. Ita ke kai mai naƙuda asibiti a Kankiya da tsakar dare, ita ke kai amarya Kusada, ita ke raka alhazai, ita ce kuma ke dawo da gawa idan kwana ya ƙare a asibiti. Tana da wani tari da take yi sau biyu idan Baba ya sauke giya zai karyo kwanar gidanmu, sannan ya danna ham sau biyu gajeru. Da jin wannan tari Inna za ta miƙe ta ce a kai ruwa zaure, mu kuwa kowa ya nemi allonsa ko littafinsa ya yi kamar tun ɗazu yake karatu.

A 2009 injinta ya buga. Baba ya riga ya yi ritaya, fansho kuwa kowa ya san halinsa, saboda haka aka tura ta gindin bedin ƙofar gida da niyyar in an ga kaka a gyara. Kaka ta zo ta wuce har sau bakwai, kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki, tayoyi suka lotse cikin ƙasa. A 2016 Allah ya yi wa Baba rasuwa, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta.

Ranar rabon gado, bayan an fitar wa Inna tumunin takabarta, aka zo kan mota. Yayanmu babba ya riga ya kira masu sayen tsohon ƙarfe sun yi mata kuɗi a kan nauyi, kamar yadda ake yi wa tsohuwar tukunya. Ban san lokacin da na ce a sa ta cikin rabona ba. Aka yi lissafi, aka rage mini wani yanki na gonar fadama a madadinta. Da muka fito Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Kai da ka yi boko har kake koya wa 'ya'yan mutane kimiyya, kai ne za ka ba da ƙasa ka karɓi tsatsa?" Na ce, "Yaya, a yi mini haƙuri." Ban da wata amsa bayan wannan, domin a gaskiya ni kaina ban san abin da zan yi da ita ba. Ta ƙara shekara bakwai a gindin bedi, tana cikin rabona, ba ta tsinana mini komai ba sai gori.

Abin da ya tashe ni shi ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000. Na daɗe ina tara kuɗin sayen wani injin in ɗora mata, sai na zauna na yi lissafi na ga ko da an ba ni injin kyauta, ba ni da abin shayar da shi. Tsohuwar Fijo ba ta san tsimi ba, lokacin da aka ƙera ta fetur bai kai ruwan sha daraja ba.

Kafin wannan na sha jin labarin Mustapha Gajibo, matashin nan na Maiduguri da ke cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu na lantarki suna ɗaukar fasinja a cikin gari, wanda kafofin labarai suka yi ta yayatawa wajen 2021. Na kuma karanta na Segun Oyeyiola, ɗalibi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, wanda wajen 2014 ya ɗauki tsohuwar Bosuwaja mai ƙirar kunkuru ya mai da ita mai aiki da hasken rana da iska. A 2021 hukumar ƙera motoci ta ƙasa, a ƙarƙashin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato, ta buɗe wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Turai kuwa abin ya zama sha'awar masu hali, su ɗauko motar kakanninsu su sa mata sabuwar zuciya. Ko Yarima Harry na Ingila, a ranar aurensa a 2018, tsohuwar Jaguar da aka mai da ta lantarki ya tuƙa da amaryarsa. Duk waɗannan na ɗauke su labarin nesa, sai da tsadar mai ta kawo mini su ƙofar gida. Na ce a raina, idan ɗan Barno ya yi da bas, me zai hana Bakatsine ya gwada da motar ubansa?

Wanda na fara tunkara shi ne tsohon bakaniken Baba a Kankiya, dattijon da ya shekara fiye da ashirin yana kwance wannan mota yana ɗaurawa, har ya san ta kamar yunwar cikinsa. Na gaishe shi na zauna a kan benci na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, wato ka ce babu fulogi, babu kafireta, babu lagireto, babu salansa?" Na ce, "Babu, Baba." Ya ce, "Baƙin mai fa?" Na ce, "Sai na giya kawai." Ya yi shiru, can ya ce, "To ai ka kashe mana sana'a. Amma tun da motar Malam ce, kawo ta, in ga abin da zan gani kafin in mutu."

Bayan kaka a 2023 muka jawo ta da igiya a bayan a-kori-kura. Ranar da muka sa sarƙa muka ɗaga injin daga cikinta, na leƙa ramin da ya bari sai na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro, kamar na tsaya a kan mahauci yana feɗe dabbar da na yi kiwo da hannuna. Dattijon ya lura, bai ce komai ba, sai ya aike ni sayen goro.

Ga mai karatu da bai taɓa leƙa irin wannan aiki ba, abin a faɗe ba shi da wuya. Ana cire inji da tankin mai da duk abin da ke yi musu hidima, a bar giya da sitiyari da birki da ƙafafu yadda suke. A gurbin inji sai a ɗaura injin lantarki, wanda masu sana'a ke kira moto, a haɗa bakinsa da bakin giya. Sai batura, su ne tanki. Tsakanin batura da moto akwai wani akwati mai ƙayyade yawan wutar da za ta wuce, gwargwadon yadda ka taka totur, wato shi ne ya gaji aikin kafireta. Dalilin da ya sa abin ke da riba kuwa shi ne, injin fetur yana ɓarnar da wajen kashi uku cikin huɗu na ƙarfin man da ya sha, ya tafi a zafi da hayaƙi, shi ya sa ma yake bukatar ruwa da fanka. Moto kuwa mafi yawan wutar da ka ba shi juyi take zama. Ba kuma sabon ilimi ba ne, domin motar da ta fara wuce gudun kilomita 100 a awa a duniya, a Faransa a 1899, ta lantarki ce. Wannan shi ne abin da nake koya wa ɗalibai a kan allo. A aikace kuwa, sai na gane ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Moton na samo shi a Kano, bayan na yi sawu uku tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, an ciro shi daga wata tsohuwar na'urar ɗaga kaya ta wata masana'anta da ta rufe. Wani mai naɗin waya ya wanke shi ya sake masa gawayi. Farantin ƙarfen da zai aurar da shi da giya sai da aka sassaƙa mana shi sau biyu, domin na farko ya kauce da abin da bai kai kaurin farce ba, amma da muka gwada sai duk motar ta ɗauki rawa kamar mai zazzaɓi. Dattijon ya sa kunne a jikin giya ya ce a kwance, idan muka bar shi haka cikin wata ɗaya zai cinye mata haƙora. Ni da takardun lissafina ban ga komai ba, shi da kunnensa ya ji.

Babban kuskurena a kan batura na yi shi. Don neman sauƙi na sayi manyan batura shida na hannu, irin na inbata masu dalma, a wurin wani da ya rantse mini ba su shekara da fara aiki ba. Kowane ɗaya ya kusa kilo 60, muka jera uku gaba uku a but, motar ta durƙusa kamar jakin da aka yi wa lodin taki. A nan ne kuma na sami tabon da ke hannuna na dama. Ina ɗaure kan batir sai sifana ta kufce ta haɗa baki biyu, wuta ta yi tartsatsi, bakin sifanar ya narke, fatar hannuna ta saɓule. Tun daga ranar ba na taɓa batir sai na naɗe sifana da roba na cire agogo, kuma ba a haɗa waya sai an sa fis da makashin da hannu zai kai gare shi daga kujerar direba. Duk mai sha'awar wannan aiki ya riƙe wannan, batir ba ya gargaɗi.

A watan Afrilun 2024 muka yi gwajin farko. Na murɗa makulli, babu abin da ya yi ƙara. Na sa giya ta biyu na taɓa totur, sai ga 'Yar Kaduna ta silale gaba, bayan shekara goma sha biyar tana tsaye. Yaran gareji suka sa ihu suna bin mu da gudu. Daɗi ya ɗebe ni na ƙara wuta, ina zuwa bakin hanya na taka birki sai na ji shi kamar dutse. Da ƙafa biyu na tsaya a kansa, dattijon ya fizgi birkin hannu, muka tsaya saura taku ɗaya mu hau teburin mai shayi. Ashe tun ana cire inji ya gaya mini cewa birkin wannan mota daga numfashin inji yake samun taimako, injin ne ke zuƙe iskar da ke sa shi laushi, idan babu inji sai an nemi abin da zai yi wannan zuƙa. Na ji shi na ce to, na manta. Bai yi mini faɗa ba, ya dai fito ya ba mai shayi haƙuri, ya dube ni ya ce, "Malam ƙarami, tafiya ka koya mata, ka manta da tsayuwa." Sai da muka sa ɗan famfon lantarki mai zuƙe iska da 'yar tukunyar ajiya, muka kuma sa wata na'ura mai rage wuta don ciyar da fitilu da ham tunda abin da ke caja ƙaramin batir ya tafi tare da inji, sannan ya yarda na sake hawa titi.

Baturan nan kuwa kilomita goma sha ɗaya suka kai ni suka mutu, a tsakiyar hanya, da rana tsaka. Amalanken shanu ne ya jawo ni zuwa gida. Ka ga motar zamani a bayan bijimai biyu, ni kuma ina riƙe da sitiyari ina amsa gaisuwar mutane. An yi wata guda ana ba da labarin a majalisa, har aka sake mata suna wai Sai-an-ja. Yaya bai ce uffan ba, wannan shirun kuwa ya fi mini zafi da ya yi magana.

Daren nan uwargidana ta same ni a tsakar gida ta ce, "Malam, ina da magana." Ta lissafa mini kuɗin adashina da ya tafi, da buhunan masarar da na sayar, da kuɗin makarantar yara da ke tafe. Ta ce, "Ban hana ka ba, na san ba motar kake nema ba. Amma ka sa mata iyaka, kada marigayi ya ci abincin masu rai." Maganar ta yi mini nauyi, amma gaskiya ce. Muka yi yarjejeniya cewa ba zan ƙara taɓa hatsin gida ko kuɗin makaranta ba, sai abin da na samu daga darasin yamma da gyaran sola da nake yi wa mutane, in ya ɗauki shekara goma ma ya ɗauka. Na rufe motar da tamfol na koma aji.

Sannu ba ta hana zuwa. Sai a tsakiyar 2025, bayan na haɗa da sayar da babur ɗina, na iya sayen batura na lithiyam irin waɗanda ake sa wa sola a yanzu, ƙwaya 24, kowace volt 3.2, jimla ƙasa kaɗan da volt 77. Dukansu ba su fi nauyin tsohon batir guda ba, sai ga motar ta miƙe ta koma tsayinta na asali. Suna ɗaukar wuta yunit bakwai da ɗoriya, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa, wannan kuwa yana kai ni kilomita 35 zuwa 40 idan ban wuce gudun 50 ba. Ban dogara da wutar gwamnati ba, domin a wajenmu baƙuwa ce. Faifan sola shida na kafa a kan rumfar da na yi mata, idan ta wuni a ƙarƙashinsu tun safe zuwa la'asar ta ƙoshi, sai dai lokacin hunturu da ƙura ke rufe rana, nan sai ta kwana biyu, kuma sai an bi faifan da tsumma kullum. Mutane kan tambaye ni me ya sa ban ɗora faifan a kan motar ba in riƙa tafiya tana ci. Amsar ita ce rufin mota bai fi ɗaukar faifai ɗaya ba, abin da zai tara a wuni kuwa bai wuce tafiyar kilomita shida ko bakwai ba. Zafi ma abokin gabar irin wannan batir ne, saboda haka a bazara ba na barin ta a rana, ba na kuma caja ta tana dawowa da ɗumi.

Ranar da na kawo ta gida da ƙafarta, bayan la'asar ne. Na karyo kwanar nan tamu, na sauke giya kamar yadda Baba yake yi, babu tari, babu komai, sai ƙarar taya a kan yashi. Na tsaya a ƙofar gida na jira. Ba wanda ya fito. Na shiga na sami Inna a kan tabarma tana tsintar wake, na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, ga motar Baba na kawo." Ta ce, "Yaushe? Ban ji ba." Ta yafa mayafi ta fito, ta zagaya ta, ta shafa ƙofar direba inda fenti ya goge saboda gwiwar hannun Baba. Ta ce in tayar ta ji. Na ce, "Ai a tashe take." Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ita ce. Amma ta yi shiru, kamar yadda mai ita ya yi shiru." Ta juya za ta koma ciki.

Ban san abin da ya kai hannuna ba, sai na miƙa ta taga na danna ham sau biyu gajeru. Ham ɗin nata ne na asali, shi kaɗai ne muryar da ba mu cire ba. Inna ta tsaya cak a bakin zaure, ba ta waiwayo ba. Can sai na ji ta ce wa jikarta, "Ke, kai ruwa zaure." Ni kuwa na zauna a kujerar direba na yi abin da ban yi ba ko a ranar jana'iza.

Tsohon injin na sayar wa masu tsohon ƙarfe, na kai mata kuɗin, ta sa aka yi waina aka raba sadaka da sunan marigayi. Tun daga nan duk ranar da za ta je ganin likita a Kankiya, a 'Yar Kaduna take zuwa, a kujerar baya ta hagu inda ta saba zama. Sau biyu kuma an buga mini ƙofa da dare don mai naƙuda, ban tsaya neman mai sayar da fetur a galan ba, na cire waya na murɗa makulli muka tafi. A karo na biyu, matar ɗan Yaya ce. Da gari ya waye an sauka lafiya, Yaya ya zo ya tsaya a bakin rumfa yana kallon faifan sola, ya ce, "Wannan abin, kullum sai an goge shi?" Na ce, "Kullum, Yaya." Ya ce, "To ka riƙa sa yara, kai ka fara girma." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuma na fahimta.

Ba zan ruɗi kowa ba. Idan lissafin kuɗi za a bi, abin da na kashe ya isa in sayi sababbin babura biyu, gonar fadamar da na bari kuwa tana nan tana ba wani shinkafa duk shekara. Motar ba ta zuwa Kano, ba ta son tudu da lodi, kuma da yake ba ta da ƙara, awaki da yara ba sa kaucewa sai na yi ta ham. Akwai kuma masu cewa na ɓata ta, wai Fijo ba injin Fijo ai gangar jiki ce kawai, kuma ban ce ba su da hujja ba, domin ni ma wani lokaci idan na karyo kwanar gida kunnena yana jiran tarin nan. Abin da na sani shi ne, shekara goma sha huɗu na farko da ta yi a gindin bedi da injinta na asali a ciki, ba ta kai kowa ko'ina ba. Baba bai saye ta don a adana ba, ya saye ta ne don idan an buga ƙofa da dare a sami abin fita.

Dattijon bakanike yanzu ƙafa ta hana shi zuwa gareji sosai, amma duk sanda na shiga Kankiya sai na biya na ɗauke shi mun zaga. Yakan sa kunne ya ce giya ta uku ta fara kuka, in duba mai. Har yau ban taɓa dubawa na ga ya yi kuskure ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari ta hanyar da zai amfani na baya.